Kalma Mai Gaɓa Huɗu

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga kai. Yanzu ko jikokina sai na jero sunaye uku kafin in faɗa kan na wanda nake kira. Amma kwana goma sha ɗayan nan da 'yar yayana ta yi tana ƙin abinci a gidanmu na Kwarbai, su kam ba zan manta da su ba har in koma ga Allah.

Da daminar shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama abin ya faru. Ina da shekara goma sha tara, ban daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai mata ba, ina koyar da 'yan aji ɗaya a wata firamare cikin birni. Ni ce auta a gidanmu, ni ce kuma mai baki, wannan kowa ya shaida. Aikina kullum raba kalma ne gaɓa-gaɓa a kan allo, ta-bar-ma, ma-ka-ran-ta, yara suna bina da tafi. Ina ji da kaina ƙwarai a wannan fanni, gani nake duk duniya babu kalmar da za ta gagare ni.

Yaya shi ne ɗan farin Baba da Inna. An tura shi ƙasar Norwe karatun aikin ruwa, ya yi shekara bakwai. A can ya yi aure, aka haifa masa 'ya mace, ya sa mata sunan Inna. Yarinyar tana da shekara huɗu uwarta ta kwanta jinya, ba ta tashi ba. Sai ya tattara ya dawo gida da 'yarsa, wadda ba ta jin ko "zo" da Hausa.

Ranar da suka iso ina leƙe ta ƙofar shigifa. Na ga ta maƙale masa a wuya, ta cusa fuska a kafaɗarsa saboda taron mutane. Da suka kawo bakin zaure sai ya tsaya, ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ya dire ta a ƙasa, ya shiga shi kaɗai ya durƙusa gaban Baba. Inna ta aiko aka shigo mata da yarinyar, ta rungume ta tana hawaye tana cewa, "Wannan tawa ce, ta zo gida."

Wanda bai tashi cikin birni a wancan zamani ba sai an yi masa bayani. A gidajenmu mutum ba ya ɗaukar ɗansa na fari a gaban iyayensa, ba ya yi masa wasa, ba ya kiran sunansa. Kunya ce, kuma da ita ake auna tarbiyyar mutum. Kaka ce take riƙe yaron, uban kuwa ya yi kamar bai san da shi ba. Shi kansa Yaya ban taɓa jin Baba ya ambaci sunansa ba, sai dai ya ce "yayanku". Ga shi kuma sunan yarinyar sunan Inna ne, babu mai iya faɗarsa a gidan, sai aka laƙaba mata Ummi. Wato a yini ɗaya aka raba ta da hannun ubanta, aka raba ta da sunanta, mu kuwa gani muke karrama ta muka yi.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, tun kafin Yaya ya dawo ake gulmarsa a unguwa. Wai ya zama Bature, da cokali yake cin tuwo, ko Baba ma a tsaye zai gaishe shi. Maganar ta kai kunnensa, sai ya ɗaura ɗamarar nuna wa kowa cewa shi ɗan gidan ne. In ya shigo gaida Inna da safe, Ummi takan sheƙo a guje ta kama ƙafarsa tana zuba masa magana da harshensu. Shi kuwa sai ya kafa wa bango ido ya ce, "Auta, zo ki ɗauke ta." Ni kuma in zo in ɗauke ta tana shure-shure. Allah ya yafe mini, ni ce mai ɗaukewar.

Kwana uku ta yi tana kuka, a na huɗu ta yi tsit. Inna ta yi hamdala ta ce yarinya ta fara sabawa. Ashe ba sabo ba ne. Ta sami wani lungu tsakanin randa da bangon ɗakin Inna ta zauna, idonta a kan ƙofar shigowa, ba ta magana, ba ta cin komai. An kawo tuwo, an kawo koko da ƙosai, an dama fura. Ni da kaina na aika Tudun Wada aka sayo burodi da biskit, ta dube su ta kau da kai. Ruwa kawai take kurɓa, sai ɗan shayi in an matsa mata. Inna ta gwada yi mata ɗura irin ta jarirai, ta amayar da shi duka a zanen Inna. An karɓo rubutu, an yi hayaƙi, an tofa mata addu'a, yarinya sai ƙara zubewa take yi.

Ranar Asabar muka kai ta ɗakin shan magani. Malamin asibitin ya duba idonta, ya duba harshenta, ya ce shi bai ga ciwo ba, yunwa ce kawai. Ya ce in Juma'a ta zo ba ta fara ci ba, a wuce da ita babban asibiti a yi mata ƙarin ruwa. A wurin Inna kuwa duk wanda aka kai ga yi masa ƙarin ruwa sai dai addu'a. Muka dawo gida. Ni dai tun daga ranar gabana bai daina faɗuwa ba.

Da Yaya muke fita da safe, mu taka tare daga Kwarbai zuwa Babban Dodo, ni in karkata makaranta, shi ya wuce Ƙofar Doka inda motar ofis take ɗaukarsa. Ranar Litinin, muna tsallake taɓo, na kasa haƙuri.

Na ce, "Yaya, yarinyar nan mutuwa za ta yi kana kallo."

Ya ce, "Rufe mini baki, Auta." Da na dube shi sai na ga idonsa ya kaɗa ya yi ja. Muka ɗan taka, sannan ya ce, "Kina tsammani ban gani ba ne? To yaya zan yi? Shekara bakwai ba na nan, in dawo in fara da ɗaukar 'yar fari a gaban Baba?"

"To ka kai ta ɗakinka mana."

"In je in karɓe ta daga hannun Inna? Ai na ce wa Inna ba ta iya riƙo ba ke nan."

Haushi ya kama ni, amma a lokacin ni ma ban ga hanya ba. Ko a raina ban kawo cewa akwai wanda za a iya zuwa a tambaya ba. Abin da ya zo mini shi ne wayon malamar aji ɗaya. Na ce, "To koya mini harshen. Ni ai ba 'yata ta fari ba ce." Ya tsaya ya karɓi littafin shirin darasina, ya jingina da wani bango, ya rubuta mini kalma takwas a shafin baya. Ya nuna ɗaya da biro ya ce wannan ita ce babba, sunan wani abinci ne da uwarta take dafa mata kowace Asabar, shinkafa ce ake dafawa cikin madara har ta narke. Motarsa tana jira, ya wuce da sauri bai karanta mini ko ɗaya ba.

Ga kalmar yadda ya rubuta ta: risengrynsgrøt. Na dube ta, doguwa kamar igiyar guga, baƙaƙe sun cunkushe babu wasali a tsakani, har da wani harafi mai kama da sifiri da aka soke. Na ce ai wannan aikina ne. Da aka fita hutun ƙarfe tara na ɗauki alli na yi mata yadda nake yi wa tabarma da makaranta. Duk inda baƙi biyu suka haɗu na cusa musu wasali, don bakin Bahaushe haka ya saba. Ta fito mini tsaf, ri-sin-gi-rin-si-gi-ro-ti, gaɓa takwas, kowace da nauyinta daidai da 'yar'uwarta. Har na ji daɗin kaina.

Ina komawa gida na durƙusa a bakin randa na rera mata. Ta dube ni yadda ake duban kaza in ta yi kuka. Na sake, na ƙara da sauran bakwai ɗin duka, kowace na yi mata irin wannan yankan. Ko gira ba ta ɗaga ba, ta mayar da idonta kan ƙofa.

Washegari na karanta wa Yaya a hanya. Duk da halin da yake ciki sai da dariya ta kusa ƙwace masa. Ya ce, "Wannan ko ni ban gane ba. Gaɓa huɗu ce, kin mayar da ita takwas." Sannan ya yi mini bayani, muna tafe muna kauce wa masu kekuna. Ya ce mutanen can in suna son su ce kunun shinkafa ko kwanon madara, ba sa barin kalmomin a rarrabe, ƙulla su suke yi su zama ɗaya. Don haka kafin ka raba gaɓa sai ka fara nemo inda aka yi ƙullin. Ya sa farce ya tsaga mini ita, risengryns a gefe, grøt a gefe. Ya ce wancan ƙaramin s ɗin shi ne zaren ƙullin, na ɓangaren farko ne, kada in tura shi cikin na biyu.

Ya ce, "Sai nauyi. Ke kin raba musu daidai kamar mai rabon goro. Su gaɓar farko suke dannawa, sauran su biyo ta a hankali, ta ƙarshen ta ɗan ɗago kai kaɗan. In kika danna wani wuri, ko haruffanki sun yi daidai, kunnen yaro ba zai kama ba. Kuma don Allah ki daina cusa wasali inda ba a gayyace shi ba."

Faɗa da baki ya fi yi sauƙi. Harshena ya ƙi. Ina zuwa gr ɗin nan sai wasali ya faɗo da kansa, kamar an turo shi. Na yi ta yi a hanya, na yi ta yi a aji cikin raina, har na daka wa wata yarinya tsawa a kan laifin da bai kai ya kawo ba, abin da har yau yake damuna. A bakin turmi na samo dabara. Na lura in na bar taɓarya ta sauka a kan ris, sauran ukun suna biyowa da kansu lokacin da take tashi. Sai na karɓe dakan gidan gaba ɗaya, ni da a da sai an yi da gaske nake taɓa taɓarya. Ina daka ina faɗa, ris-en-gryns-grøt, ris-en-gryns-grøt, gumi yana zuba. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta tambayi Inna ko lafiyata ƙalau, don ita ta ji kamar ina kiran iskoki. Inna ta ce, "Bar ta, boko ne yake tambayarta."

Ni ban da lokacin dariya. Ranar Laraba Ummi ta kasa zama a lungunta, aka shimfiɗa mata tabarma a ɗakin Inna. Wani ɗan awarwaro da ta zo da shi a hannu, wanda da ƙyar yake juyawa ranar da suka iso, na ga ya zame har gwiwar hannu. Leɓenta ya bushe ya tsattsage. In na shiga sai in tsaya ina kallon ƙirjinta in tabbatar yana ɗagawa. Inna ta daina cin abincin kirki ita ma, tana zaune a gefenta da carbi. Saura kwana biyu Juma'a, ni kuwa duk na ɗora raina a kan kalma ɗaya.

Ranar Alhamis da safe Yaya ya saurare ni sau uku ya ce, "Ta yi." Na riga na sa an tare mini wata Bafillatana an karɓi madara tun ba ta yi tsami ba. Da na taso makaranta na ɗora tukunya, na dafa shinkafar nan cikin madara ina juyawa har ta narke, na zuba sukari da garin kirfa, na ɗora ɗan man shanu a tsakiya kamar yadda ya kwatanta mini. Na ɗauki kwanon na shiga ɗakin Inna. Na durƙusa, na yi bisimilla a zuci, na tuna taɓarya, na faɗi kalmar.

Wallahi kamar an kunna fitila a fuskar yarinyar nan. Ta ɗago kai, ta dubi kwanon, ta dube ni. Ta yunƙura ta zauna, ta kama mini hannu da 'yan yatsunta masu sanyi, sai magana ta ɓalle. Muryar ta dushe amma ba ta tsaya ba, tana faɗa tana haki, tana nuna ƙofa, tana girgiza mini hannu. Na ji muryarta tana hawa a ƙarshe, na san tambaya take yi. Ta kafa mini ido tana jiran amsa.

Me zan ce? Kalma takwas gare ni, duka sunayen abinci da na dangi. Na sake faɗin kalmar tawa kamar aku. Ta sake tambayar a hankali, ɗaya bayan ɗaya, yadda ake yi wa kurma. A ciki duka kalma ɗaya na tsinta, pappa. Ina kallo hasken nan ya mutu a idonta. Ta sake mini hannu, ta ture kwanon, ta kwanta ta juya wa bango fuska. Ban taɓa jin na tsani kaina irin na wannan lokaci ba. Na sa ta ɗauka ta sami mai jin ta, alhali ƙarya nake yi. Na fito tsakar gida na zauna a kan turmi na fashe da kuka.

Alhamis ce, ɗaliban Baba ba sa zuwa ɗaukar karatu, zaure shiru. Baba malami ne na manyan littattafai, yana kuma rubuta waƙoƙi da ajami, ya san aruli, wato ilimin auna baitin waƙa. Mutum ne mai ƙarancin magana, ba ya faɗa, ba ya duka, amma duk gidan tsoronsa muke ji, ban ma san dalili ba. Ina cikin kukan sai na ji gyaran muryarsa daga shigifa. Ya ce, "Auta, zo."

Na share fuska na bi shi zaure na durƙusa. Yana zaune a kan buzu. Ya ce, "Abin nan da kike rerawa a bakin turmi, maimaita mini."

Na ɗauka zai ce na kawo yaren kafirai gidansa. Na faɗa da 'yar ƙaramar murya. Sai na ga yana buga yatsa a gwiwarsa, ɗaya da ƙarfi, uku a hankali.

Ya ce, "Shekaranjiya da kika fara, shida kike yi. Jiya biyar. Yau ta zauna a huɗu, ta farkon ce mai nauyi. Ban san ma'anarta ba, amma abin da ya karye kunne yana ji ko da wane harshe ne. Kin gaya wa yarinyar?"

"Na gaya mata, Baba."

"Ta amsa?"

"Ta amsa da magana mai yawa."

"Me ta ce?"

"Ban sani ba."

"Wa ya sani?"

"Yaya."

"To me ya hana shi?"

Bakin nan nawa da ake kuka da shi, ranar ya yi rana. Kafin in yi tunani na ji na ce, "Kai ne, Baba." Sai da ta fita na ji nauyinta. Amma tunda na fara sai na ƙarasa. Na ce kunyarsa Yaya yake ji, tun ranar da suka iso bai ce wa 'yarsa ko kalma ɗaya ba. Na faɗi kwanakin da ta yi ba ci, na faɗi maganar malamin asibiti da ta Juma'a, na faɗi awarwaron.

Baba ya ajiye carbinsa. Ya ce, "Ni an ce mini baƙunta take yi, tana sabawa." Ashe Inna ta ɓoye masa, don kada a ce jika ta gagare ta. Shi kuma ya ɗauka in ya ba da baya uban yana lallashin 'yarsa. Ya dube ni ya ce, "Ni na ce kada ya yi mata magana?"

"Ba ka ce ba."

"Akwai wanda ya zo ya tambaye ni?"

Na sunkuyar da kai. Sannan ya ce, kamar da kansa yake magana, "Yayanku yana da shekara uku ya yi ƙyanda, aka fid da rai. A bayan ɗaki nake tsayawa ina sauraren numfashinsa, ban shiga ba. Amma shi yana da uwa, kuma duk wanda ya buɗe baki a gidan yana jin abin da ya ce." Ban taɓa jin Baba ya yi magana irin wannan ba, kuma bai sake ba. Ya ce in je in ɗumama abincin, in shimfiɗa tabarma babba a tsakar gida.

Bayan la'asar Yaya ya dawo. Ya shigo ya tarar da abin da bai taɓa gani ba, Baba zaune a tsakar gida cikin mata, Inna a bakin ƙofarta, Ummi kwance a jikina. Ya yi turus, ya durƙusa daga nesa. Ni kuwa ban san abin da Baba zai yi ba. In ya ce masa ɗauki 'yarka, na san Yaya, zai ce a yi masa afuwa ne ya fice, gobe kuma Juma'a.

Baba bai ce haka ba. Cewa ya yi, "Kai, matso. Ina da baƙuwa a gidan nan kwana goma sha ɗaya, ban yi mata sannu da zuwa ba, don ba na jin harshenta. Tafinta nake nema. An ce kana ji."

Yaya ya ce, "Ina ji, Baba."

"To ka ce mata kakanta yana yi mata sannu da zuwa, ta yafe masa ya makara."

Umarnin uba ne, babu hanyar kaucewa, kuma babu wanda zai ce tafinta ya yi rashin kunya. Yaya ya matso da gwiwa. Ya kira ta da sunanta na gaskiya, Inna ta yi kamar ba ta ji ba. Ina jin jikin yarinyar ya ƙame a hannuna. Ta juyo a hankali tana kallon bakinsa. Sai ta zame daga jikina, ta rarrafa, don ba ta da ƙarfin tashi, ta haye cinyarsa. Ya ɗaga hannuwa sama ya rasa inda zai sa su.

Inna ta ce, "Malam, a gabanka?"

Baba ya ce, "Ni tafinta nake gani da baƙuwa. Kai, riƙe ta da kyau kada ta faɗi."

Ummi ta kama gemun ubanta ta yi masa tambayar nan. Na gane ta, ita ce dai wadda ta yi mini ɗazu, da hawan muryar da komai. Yaya bai fassara ba, ya sunkuyar da kai.

Baba ya ce, "Me ta ce?"

"Ba komai, Baba, maganar yara ce."

"Tafinta ba ya cin magana. Me ta ce?"

Yaya ya ce, "Ta ce yaushe zan mutu. Ta ce mamanta ma sai da ta daina yi mata magana sannan ta mutu."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Wato duk kwanakin nan da take zaune a bayan randa tana kallon ƙofa, jira take ta ga ranar da ba zai shigo ba. Mu muna can muna canja mata abinci, ni ina fama da taɓarya.

Baba ya ce, "Gaya mata ba ka da ciwo. Gaya mata laifin manya ne, ba nata ba. In ka gama ka tambaye ta ko za ta ci abincin gwaggonta." Ya tashi ya koma zaure, ya bar su.

Yaya ya daɗe yana yi mata magana, yana kuka tana shafa masa fuska. Ban ji ko kalma ɗaya ba, ban kuma damu ba. Daga baya ya miƙo hannu na ba shi kwanon. Cokali uku ta ci, na ƙirga su, ta yi barci a ƙirjinsa. Washegari ta ci rabin kwano, ba a je asibiti ba. Daga ranar kullum bayan la'asar Baba yakan shigo ya zauna ya ce a kira masa tafinta, har Allah ya sa bakinta ya kama Hausa. Yau ita ma tana da jikoki.

Na yi shekara talatin da wani abu ina koyarwa bayan wannan, kuma nakan tuna kwanakin nan in na ga mutane suna wahala saboda jin nauyin wani babba. Kwana huɗu na yi ina murɗa harshena a kan harshen da ba nawa ba, alhali tsakanin turmin da zauren Baba taku ashirin ne, maganar da ake buƙata kuma da Hausa ce. Dukanmu, ni da Inna da Yaya, mun tsaya muna tsare wa Baba abin da bai ce a tsare masa ba, yarinya tana ƙarewa a gabanmu. Ban raina kunya ba, da ita aka rene ni, da ita na reni nawa. Amma tun daga ranar, in aka ce mini ai wane ba zai yarda ba, nakan ce a tashi mu je mu tambaye shi.